Gidan da Na Yi Ta Kushewa

Kai Abba, ajiye wayar nan ka saurare ni. Tun ɗazu ina jin ku kuna cewa dillancin gida ba sana'a ba ce, wai mutum ya ɗauki hoton ɗaki ya tura wa jama'a, gobe ya karɓi la'adarsa. To madalla. Ni Isiyaku na daɗe ina wannan aiki a Alkahira, daga Hay el-Sabi' nan har Hadayek el-Ma'adi, kuma gwiwoyina su ne shaida, don har yau ba su yafe mini benayen da na hau da su ba. Ku matsa mini, a kawo shayi, sukari kaɗan.

Karatu ne ya kawo ni garin nan kamar ku. Karatun bai karɓe ni ba, ni ma ban matsa masa ba. Sai na faɗa hannun Ammu Bashir, wani dattijo Bahaushen Sudan, wanda kakanninsa suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Shi ne simsar na baƙaƙen fata a lokacin, wato dillalin gidaje a bakin Masarawa. Aikin farko da ya ba ni, wani gida ne a hawa na shida. Ya ce in je in duba in dawo in ba shi labari. Na je na dawo ina murmushi, na ce gida tamam, fenti sabo, tayil sai sheƙi yake.

Ya ce, "Ka buɗe famfo?"

Na ce a'a.

"Ka gaida bawwab?" Mai gadin ginin ke nan.

Na ce ban ma lura da shi ba.

"Tagar ɗakin kwana ina take kallo?"

Na ce ban duba ba.

Ya ce, "To ɗana, yawon buɗe ido ka je. Yalla, koma."

Ya mayar da ni da tsakar rana, lif kuwa, na'urar hawa bene, ya mutu. Na buɗe famfo, sai huci yake kamar tsohon maciji, ashe injin tura ruwa ba ya kaiwa sama idan na ƙasa sun buɗe nasu. Na sauko na gaida bawwab, na zauna na sha shayinsa, a nan na ji cewa mai gidan ya kori 'yan haya biyu a shekarar saboda kawai suna yawan baƙi. Ranar na fara gane cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, dillali kuwa dole ya sani kafin mai ɗakin.

Kayan aikina ba su da yawa. Ga wannan zoben mabuɗai da kuke gani yana ja mini aljihu. Akwai sukudireba mai gwada wuta, sai takalmi mai taushi, sai lemon tsami guda. Kada ku yi dariya. Lemon nan a tsakiyar banɗaki nake ajiye shi. In ya gangara wajen magudana, lafiya lau. In ya nufi ƙofa, to duk ranar da aka yi wanka ruwa zai ziyarci falo. Sannan akwai abin da Masarawa ke kira bahri da ƙibli. Gidan bahri arewa yake kallo, iska na shigarsa. Gidan ƙibli kudu yake kallo, da bazara in ka shiga sai ka ji kamar an rufe ka a tanda. Hoton waya ba ya nuna wannan, Abba.

Masu neman gida kuwa kowa da halinsa. Ɗalibai za su rantse maka su uku ne, bayan sati ka je ka tarar da takalma a bakin ƙofa kamar masallacin Juma'a. Matan ma'aikatan ofishin jakadanci Ma'adi suke so, inda akwai bishiyoyi, kuma sai sun leƙa kowane kabad. Amma tambayar da ta fi kowace muhimmanci in Bahaushe mai iyali ne, ita ce, "Kuna daka?" Akwai wasu mutanen Zamfara da muka taɓa sakawa a hawa na uku, a saman wani tsohon malamin makaranta. Da safiyar farko uwargidan ta ɗora turmi a tsakiyar falo ta fara dakan yaji. Fitilar silin ɗin tsohon nan ta dinga rawa, garin siminti na zubo masa a kofin shayi. Ya hauro da rigar barci yana ihu wai girgizar ƙasa ake yi. Daga ranar Ammu Bashir ya kafa doka: mai turmi, ko dai ƙasa, ko saman shago.

Wannan dokar ce ta kai Malam Nura da matarsa Bilkisu gidan Hajja Umm Ashraf a Hadayek. Malam Nura mutumin Katsina ne, yana karatun digiri na uku a fannin fiƙihu, mutum mai sanyin hali, in yana magana sai ka matso. Yaransu biyu sun bar su a gida wurin kakarsu. Bilkisu tana daka yaji da dakuwa tana sayar wa ɗalibai, da shi suke cike giɓin tallafin karatu. Gidan da na samar musu ƙibli ne, na kuma gaya musu gaskiya, amma a saman shagon kafinta yake. Kafinta na buga gudumarsa, ita tana dakanta, ba mai kai ƙarar wani. Hajja mai ginin tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a hawan da ke saman su, wuni take a baranda tana kallon layi. Tana da kwandon nan da matan Alkahira ke zurowa da igiya su sayi burodi ko tumatir ba tare da sun sauko ba. Da farko ta yi ta mita a kan ƙarar turmi. Sai Bilkisu ta saka mata yaji a kwandon wata rana. Khalas, shi ke nan! Daga nan kullum sai ka ji ta daga sama, "Ya Balƙis, ina abin nan naku mai wuta?"

A shekarar juyin juya hali, kun dai ji labari, 'yan sanda suka ɓace daga tituna, kowace unguwa ta koma gadin kanta. A layin nan na Hadayek maza suka fito, wannan da sanda, wancan da ƙarfen gado. Baƙi ma suka fito, 'yan Sudan, 'yan Habasha, namu na Najeriya da Nijar. Malam Nura ya duba gidansa bai ga makami ba, sai ya fito da taɓaryar matarsa a kafaɗa. Masarawa suka yi ta dariya, suna ɗagawa suna jin nauyinta, har kafinta ya auna ta wai zai sassaƙa irinta. Da ƙura ta lafa, dattawan layin suka zauna a wurin mai shayi suka yi magana ɗaya: duk baƙon da ya tsaya gadi da mu, namu ne. Babu mai gida ko bawwab da zai kai sunansa caji ofis, iƙamarsa na raye ko ta mutu. Iƙama kun san ta, izinin zaman da kuke bin layi a kansa kowace shekara. Kun kuma san sau da yawa ba laifin mutum ba ne take mutuwa, takardar makaranta ce ke makalewa, ko kuɗin gida ya yi jinkiri. Dattawan nan ba su rubuta komai ba, shayi kawai aka sha aka tafa. Amma shekaru biyu da wani abu layin nan ya zama inuwa, duk wanda rana ta dake shi can nake kai shi.

Sai shekarar wahala ta zo. Mulki ya canza, tsaro ya tsananta, aka tashi wata tsohuwar doka da ta daɗe tana barci: duk mai gidan da ya sauki baƙo dole ya kai rahotonsa ga 'yan sanda, wanda ya ɓoye kuwa tara ce ko ɗauri, har da dillalin da ya kawo shi. Dattawan layinmu suka sa manyan rigunansu suka tafi caji ofis, suka ce mu mun san mutanenmu, mun yi alkawari da su. Kafinta na cikin waɗanda suka je, shi ya ba ni labari. Ya ce babban jami'in ya saurare su da ladabi, ya sa aka kawo musu ruwa, sannan ya ce, "Ya ku iyayena, layi ba ƙasa ba ne. Alkawarinku bai ɗaure hukuma ba." Suka dawo kowa kansa a sunkuye.

Ammu Bashir a lokacin ya tsufa ya koma Sudan, ni kaɗai ne. Wayata ta koma kamar ta asibiti. Mai gida zai kira, muryarsa cike da kunya, "Ya Ishaƙ, ma'alish, ka yi haƙuri, ka zo ka nema wa mutanenka wani wuri." Na yi watanni ina ɗora katifu da tukwane a bayan a-kori-kura, ina kai mutane can bayan gari inda ido bai kai ba tukuna. La'ada kuwa ba a ma zancenta, wa za ka tambaya? Ban zargi masu gidajen nan ba. Idan kiɗa ya canza rawa ma canzawa take, kuma mai 'ya'ya ba ya wasa da ɗauri.

Ana cikin haka Malam Nura ya rasu. Zazzaɓi ne na kwana kaɗan, aka kai shi asibiti, sai gawa. Muka binne shi a nan Alkahira, Masarawan layin sun fi mu yawa a wurin jana'iza. Iƙamar Bilkisu a kan tasa take rataye, tasa kuwa dama tana dab da ƙarewa, don haka bai yi arba'in ba ta zama mace mara izinin zama a ƙasar mutane. In aka kai sunanta a wannan yanayi, abin da zai faru sananne ne: a tsare ta a ɗakin 'yan sanda cikin masu laifi har a gama shirin tasa ƙeyarta gida.

Ashraf, ɗan Hajja, ya same ni a shagon kafinta. Ma'aikacin gwamnati ne, mai iyali, ba mugu ba ne. Ya ce, "Ya ammu Ishaƙ, na rantse ina ƙaunar marigayi. Amma an ba wani amin layin nan, gini gini yake bi." Amin shi ne ƙaramin jami'in ɗan sanda. Ya ce, "Ko ta tashi cikin satin nan, ko in kai rahoto. Aikina zan rasa."

Na ce ya bar mini. Tashi da sauka ai sana'ata ce. Kafin kwana biyu na samo mata ɗaki a gidan wani ma'aikacin ofishin jakadanci a Ma'adi, matarsa 'yar Katsina ce ma, gidan da babu amin ɗin da zai ƙwanƙwasa. Na hau benen ina jin kaina, na yi sallama. Ta amsa daga bayan ƙofa, ba ta buɗe ba.

Na ce, "Malama Bilkisu, Allah Ya kawo mafita. Ki haɗa kaya, gobe da safe zan kawo mota."

Ta ce, "Kawu, Allah Ya saka da alheri. Amma takaba nake yi. A ɗakin nan Malam ya bar ni, a nan zan ƙarasa."

Wallahi abin bai taɓa zuwa kaina ba. Ni da nake lissafin famfo da taga, na manta mace mai takaba wata huɗu da kwana goma take yi a ɗakin mijinta. Na koma na kwaso abokan karatun marigayin, suka tsaya a bakin ƙofa suka yi mata bayani mai kyau, cewa shari'a ta yarda mai takaba ta tashi in akwai larura ko tsoro. Ta saurare su har suka gama.

Ta ce, "Gaskiya kuka faɗa, malamai, na ji Malam ma yana karantar da haka. In mai gida ta kore ni, larura ta tabbata, zan bi Kawu ko'ina. Amma ba ta kore ni ba. Ban iya dafa masa komai yanzu, ban iya wanke masa riga. Wannan zaman ne kaɗai ya rage da zan yi masa."

Ɗaya daga cikinsu na ga yana goge ido da hannun riga. Ni kuwa cikin haushi da tausayi na hau sama wurin Hajja da nufin in roƙe ta ta furta kalmar kora ko da a baki ne, don a huta.

Na same ta a baranda tana gyaran waken miya, Ashraf na tsaye. Na gaya mata. Ta ajiye farantin ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Ni in kori mace mai idda? Ya Ishaƙ, ni ma na yi wannan zaman, a ginin nan. Ka san abin da ke riƙe mace a lokacin? Ƙusar da mijin yake rataye rigarsa. Gefen gadon da ya lotsa. In ka ɗauke ta daga nan ka kashe mata shi sau biyu."

Ashraf ya ce, "Ya ummi, doka fa!"

Ta ce, "Ginin da sunana yake ko da naka? In ɗauri ne ni za a ɗaure, su nemo mini kujera mai taushi." Sai ta juyo kaina. "Kai kuma simsar, ba ka da allon haya?"

Dabarar tata ke nan. Aka rufe tagogin katako na gidan Bilkisu ta gefen titi, na rataya allona a jikin baranda: gidan haya, ga lambar wayata. Duk mai wucewa zai ɗauka kango ne. Bilkisu ta daina daka, ta daina girki da daddawa don kada ƙamshi ya fito matakala, ta daina shanya. Abinci Hajja ke dafawa, ta zuro mata a kwando ta tagar baya, wadda ke kallon ramin iskar da ke tsakiyar gini. Kafinta da bawwab sun sani, rabin layin ma sun sani, kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Ashraf ya daina zuwa gidan uwarsa na wani lokaci, amma bai kai rahoto ba.

Ni kuma aka bar ni da aikin da babu wanda ya taɓa koya mini: in tsare gidan haya kada kowa ya kama. Ku da kuke cewa sana'ar sauƙi ce, ku gwada. Gida a Hadayek, kusa da tashar jirgin ƙasa na metro, ga allo a rataye, waya ta dinga ruri. Kuma ban yi wa kowa ƙarya ba, don dillali ya san aibin kowane gida, gwanintarsa ita ce sanin lokacin faɗa. Wani ango ya zo da surukarsa, na ce Hajiya gidan ƙibli ne, da bazara ko ƙadangare ba ya zama. Suka tafi. Wani mai aikin dare ya zo, na ja shi shagon kafinta, kafinta kuwa ya gane, ya kunna injin yankan katako har haƙoranmu na kaɗawa. Wata mata ta nace, na ce mai ginin tsohuwa ce mai sa ido, ko ƙwai kika soya sai ta tambayi na nawa ne. Wannan ma gaskiya ce. Hajja na jina daga sama, da matar ta tafi ta leƙo ta ce, "Allah Ya isa, ya Ishaƙ!" tana dariya.

Haka muka yi ta tafiya har ya rage kamar sati biyu ta fita. Wata rana bayan Azahar ina tsaye a shagon kafinta, sai ga amin ɗin nan. Baƙi ne dogo, mai gashin baki, ba ya sauri. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon barandar, sannan ya ce, "Kai ne simsar? Ƙanena zai yi aure, gida nake nema masa."

Na ce, "Ya basha, ranka ya daɗe, wannan bai dace da ango ba. Ƙibli ne, zafi kamar wuta."

Ya ce, "Mu mutanen Aswan ne. Zafin Alkahira sanyi ne a wurinmu."

"Ga kafinta a ƙasa, guduma tun safe."

"Ƙanena maƙeri ne."

"Ruwa yakan yi wasa."

"A hawa na ɗaya? Haba simsar." Ya yi murmushi. "Yalla, mu gani. Yanzu."

Kafinta ya tsaya da guduma a sama. Ni kuwa na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba a garin nan. Muka hau. A bakin ƙofa na fito da zoben nan, na fara gwada mabuɗai ɗaya bayan ɗaya, ina sane da wanda yake na gidan, ina tsallake shi. Ina ta cewa ma'alish ya basha, sun yi yawa. Shi kuwa ya jingina da bango yana kallona, ko gaggawa ba ya yi. Can sai na ji ƙwas, ƙwas, sandar Hajja a matakala. Ashe daga baranda ta hango mu. Ta sauko da ƙyar cikin baƙaƙen kayanta, tana haki, ta zo ta zauna daɓas a ƙasa, bayanta jingine da ƙofar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ce, "Ya ibni, ɗana, kada ka wahalar da bawan Allahn nan, ni na sa shi. A cikin ɗakin nan akwai mace. Mijinta mai karatun addini ne, ya tsare layin nan da sandar turmi lokacin da ku ba ku nan. Ya mutu, tana idda, saura kaɗan ta gama. Takardarta ta mutu, ban kai rahoto ba, ba kuma zan kai ba. In shiga za ka yi, sai ka tsallake ni."

Na tabbata Bilkisu na tsaye a bayan ƙofar tana ji. Amin ya dubi tsohuwar, ya dubi ƙofar, ya shafa gashin bakinsa.

Ya ce, "Yaushe za ta gama, ya Hajja?"

"Kafin ƙarshen wata."

Ya juyo gare ni. "Ƙibli ka ce, ko? Na tuna amaryar ba ta son zafi." Ya miƙa wa Hajja hannu ya taimaka mata ta tashi. "Ginin nan sai ƙarshen wata zan zo dubawa. Ranar in na tarar da baƙo mara takarda, ba ni da yadda zan yi, ni ma akwai na sama da ni." Ya matsa kusa da ƙofar ya ɗan ɗaga murya ya yi ta'aziyya irin tasu, ya ce wanzuwa ta Allah ce. Daga ciki wata siririyar murya ta amsa.

Muna saukowa ya riƙo hannuna ya ce a hankali, "Simsar, tun makonni nake wucewa ta nan. Gidan da ba kowa, amma ga butar roba mai zane-zane a baranda. Ba Bamasaren da ke da irin wannan buta, taku ce. Ka ce a ɗauke, ba kowa ne irina ba."

Na fito titi na ɗaga kai. Ga ta nan kuwa a lungun baranda, dab da allona, butar nan tamu mai ratsin kore da fari da kowane Bahaushe ke sakawa a jakarsa in zai yi tafiya. Mun rufe taga, mun hana daka, mun hana daddawa, amma dukkanmu idonmu ya saba da buta har ba ma ganinta. Na koma na gaya wa Bilkisu ta bayan ƙofa.

Ta ce, "Na san tana can, Kawu. A nan Malam ya ajiye ta da ya yi alwalarsa ta ƙarshe a gidan nan. Na kasa taɓawa."

Ban ce ta ɗauke ba. Sai na sa kafinta ya hau tsani ya gyara allon, ya matsar da shi ya rufe butar.

Ba zan ce muku abin ya ƙare ba asara ba. Da Bilkisu ta je neman izinin fita ƙasar, dole aka tambaye ta inda ta zauna. Tun kafin ta tafi Hajja ta ce mata, "Faɗi gidana, ba na jin kunyarsa." Aka kira Hajja aka ci ta tara, aka ja wa Ashraf kunne a wurin aiki, ni ma na wuni a kan benci a caji ofis ana yi mini tambayoyi. Layin nan kuma bai sake zama inuwa ba. Yau in ka kai baƙo can, kafin a amsa sallamarka an ce ina iƙama. Shi ya sa kuka gan ni na dawo Hay el-Sabi' ina fama da ku da takalmanku.

Amma ranar da nake so ku riƙe ita ce ranar da ta fita takaba. Da hantsi na zo layin, na tarar an buɗe tagogin nan da suka yi watanni a rufe. Sai na ji shi. Dum, dum, dum. Turmi! Gero ta aika aka sayo mata a shagon 'yan Sudan, tana dakan gumbar sadaka. Kafinta ya ajiye gudumarsa ya fito ya tsaya a titi. Mata suka firfito baranda. Hajja ta rangaɗa guɗa irin tasu, ta zuro kwandonta ta gaba, a fili, kowa na gani, ya koma sama cike da gumba. Duk layin aka ci, har da Ashraf, wanda ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana ba ta haƙuri, ita kuma tana ba shi. Da aka kira Azahar na ga ta fito baranda cikin sabon zane, ta sunkuya bayan allona ta ɗauki butar, ta shige da ita ciki.

Turmi da taɓarya ta bar wa Hajja. Butar kuwa a jakar hannunta ta saka. Ranar tafiya, mota na jira, ta sauko ta rungume tsohuwar nan suka yi kuka, sannan ta miƙo mini mabuɗin gidan da hannu biyu.

Ta ce, "Kawu, na ji duk abin da kake faɗa wa mutane a kan gidan nan, ta taga nake jin ka. Yanzu sai ka yabe shi."

Na karɓa na ce to. Bayan sati wani ya kira ni a kan allon, na kai shi, na buɗe ƙofar, na tsaya a tsakiyar falon nan mai zafi, guduma na tashi daga ƙasa. Ya ce, "To simsar, me gidan yake da shi?" Na buɗe baki in fara irin zancenmu na dillalai, sai na ji ba zan iya ba, don abin da gidan yake da shi ba na haya ba ne. Na mayar wa Hajja mabuɗinta, wani dillali ne ya ba da shi daga baya. Na hau gidajen Ma'adi masu lif da lambu, na hau na bakin Nilu masu shan iska ta ko'ina. Har yau in aka tambaye ni gidan da ya fi kowanne kyau a Alkahira, wancan nake faɗa, na saman kafinta, mai kallon kudu.